Na ga tsohuwar bindigar soja SKS a shago a Amurka, in saya?

Tambaya: Salam malam, ina zaune a jihar Ohio da girin kad, wato takardar zama ta dindindin, na ga SKS a wani shagon bindigogi kuɗinta da sauƙi, ina son ta saboda koyon harbi da tsaron gida. Doka ta yarda in saya? In na tashi dawowa Kano zan iya tahowa da ita?

Amsa: Wa alaikas salam ɗan uwa. Tunda girin kad gare ka dokar tarayya ta yarda, za ka cike fom mai lamba 4473 a wajen dillali mai lasisi, FBI su binciki sunanka, in ba ka da wani tabo shikenan. Mai bizar karatu ko ta ziyara shi ne aka hana, sai dai in yana da lasisin farauta. Kar ka kuskura ka yi ƙarya a fom ɗin ko ka saya wa wani da sunanka, ɗauri ne kuma takardarka ta zama za ta iya tafiya.

Ita SKS, Sergei Simonov ne ya ƙera ta, sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓe ta a 1949, harsashi 10 take ci, irin na AK wato 7.62x39, amma kowane jan kunama harbi ɗaya ne. 'Yar China cikin bututunta akwai rufin kurom mai hana tsatsa, 'yar Yugoslabiya babu, dan haka in ita ce ka haska tocila ka leƙa ciki ka ga ko tsatsa ta yi mata ramuka kafin ka biya.

Abin da ya fi damuna shi ne allurar da take dukan gindin harsashi. A yawancin SKS allurar nan ba sifirin ɗin da ke mayar da ita baya, yawo take, to bindigar ta yi shekara da shekaru a sito cikin wani giris mai kauri, in ya bushe a ramin allurar sai ta maƙale a waje, kana sakin bol, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu, ta tashi ba ka taɓa kunama ba, wani lokaci ma ta zazzage duka goman kana riƙe da ita. Wallahi ba ƙaramin hatsari ba ne. Ciro bol ɗin a wanke shi tas, ka girgiza shi kusa da kunnenka, in ba ka ji allurar tana ƙwas-ƙwas ba kar ka sa mata harsashi, kai wa mai gyaran bindiga. Ranar farko a filin harbi biyu kacal za ka loda.

Tsohon harsashin soja kuma yana barin gishiri a bututu da bututun gas, ka wanke da ruwan zafi ranar da ka yi harbi, ka busar ka shafa mai. Harsashin 7.62x39 ma ya yi tsada tunda aka hana shigo da na Rasha a 2021.

Tsaron gida kam ban ba ka shawara da ita ba, bangon gidajenku na can katako ne da allo, harsashin nan ratsawa zai yi ya shiga ɗakin yara ko na maƙwabci. Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli, bindiga daban harsashi daban.

Maganar Kano ka cire ta a ranka gaba ɗaya. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu 7.62 cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa, Amurka ma ba ta barin a fitar da ita sai da izini, wanda ya cusa ta a kwantena cikin kayan mota safarar makamai ya yi a ƙasashen biyu. In lokacin dawowa ya yi ka sayar ta hannun dillali mai lasisi ka riƙe rasit ɗinka.