Windows ko Linux? Amsa ga ƙanena mai shirin tahowa karatu

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin an ba ka gurbin karatu. Allah Ya sa albarka. Ka ce za ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka kafin ka taho, kana son wasanni ƙwarai, amma ka ji ana cewa Windows na kwashe bayanan mutane, shi ya sa kake tunanin goge ta ka ɗora Linux. Ka nemi in faɗa maka gaskiya, to ga ta.

Kafin ka yanke hukunci, ɗauki takarda ka rubuta sunayen wasannin da ba ka iya rabuwa da su. Wannan takardar ce za ta zaɓar maka babbar manhajar da za ta tafiyar da kwamfutar, Windows ko Linux, ba muhawarar da kake gani a intanet ba.

A da, mai son wasa ba ya ko kallon Linux. Abin ya sauya a 2018 lokacin da kamfanin Valve, masu kasuwar wasanni ta Steam, suka fito da Proton, wata manhaja da ke sa wasannin da aka yi don Windows su yi aiki a kan Linux. A 2022 kuma suka fitar da na'urar Steam Deck, wadda Linux ce a cikinta, sai masu ƙera wasanni suka fara kula. Yau Elden Ring da Cyberpunk 2077 da Baldur's Gate 3 suna tafiya lafiya lau, Counter-Strike 2 da Dota 2 ma da ma suna da nasu na Linux. Idan wasanninka na mutum ɗaya ne, irin masu labari, da wuya ka rasa wani abu. Duba sunan kowanne a ProtonDB, inda masu wasa ke rubuta abin da ya yi musu aiki da abin da ya ƙi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wasannin gasa ta intanet. Valorant da League of Legends da Fortnite da sababbin Call of Duty da EA Sports FC duk ba sa yi a Linux. Apex Legends ya taɓa yi, amma a ƙarshen 2024 aka rufe ƙofar. Dalili kuwa manhajar hana maguɗi ce, wadda ke shiga can zuciyar babbar manhaja, wurin da ake iko da komai na kwamfutar. Vanguard ta kamfanin Riot, masu Valorant da League of Legends, alal misali, tana tashi ne tun lokacin da ka kunna kwamfuta, ko ka buɗe wasan ko ba ka buɗe ba. Ina so ka tsaya a nan ka yi tunani, don wannan ya fi damuna a kan bayanan da Windows ke aikawa. Ban ce kamfanonin nan suna karanta takardunka ba. Abin da nake cewa shi ne, don ka buga wasa, ka miƙa wa baƙo makullin kowane ɗaki na gidanka, kuma amanarsa kaɗai ce tsakaninka da shi. A kan wannan kwamfutar kuma hoton fasfonka yake, da takardun biza, da na banki, da wasiƙun makaranta. Wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, rayuwarsa duka a cikin waɗannan takardu take.

Game da Windows ɗin kanta, abin da ka ji yana da tushe. Windows 11 tana neman ka shiga da asusun Microsoft tun wajen saita ta. Tana aika bayanan yadda kwamfutar ke aiki, kuma a irin wadda ke zuwa a kwamfutocin gida za ka iya kashe na ganin dama ne kawai, na dole kuwa ba a iya kashe su. A 2024 kamfanin ya sanar da Recall, wani tsari mai ɗaukar hoton fuskar kwamfuta a kai a kai don ka iya binciko abin da ka gani a baya. Masana tsaro suka yi ca, aka ɗage fitar da shi, aka mayar da shi sai wanda ya kunna da kansa, kuma a wasu sababbin kwamfutoci kaɗai yake. Komawa Windows 10 ma ba mafita ba ce, tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina tallafa mata na yau da kullum.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ne zai iya kayar da kai: makaranta. Jami'o'i da yawa suna yin jarrabawa ta intanet da manhajar sa ido irin su Respondus LockDown Browser, wadda ba ta da ta Linux. SolidWorks na 'yan injiniya a Windows kaɗai take, manhajojin Adobe ma babu su a Linux. Rubuta wa sashenku tun yanzu ka tambayi abin da suke amfani da shi. Na ga ɗalibi yana zagaye ɗakunan kwana da dare yana neman aron kwamfuta ana gobe jarrabawa, ba na so in ga ka a haka.

Mac kuwa, tana da kyau wajen karatu da riƙe caji, amma wasanninta kaɗan ne. Ga irinka ban ba da shawararta ba.

Abin da zan yi in ni ne kai: in bar Windows ɗin da ta zo da kwamfutar, in raba ma'adanar gida biyu, in ɗora wani nau'in Linux, kamar Linux Mint ko Fedora, a ɗaya gefen. Windows ta zama ta wasan gasa da jarrabawa kawai. Takardu da banki da imel su zauna a Linux, kuma wajen ɗorawa ka zaɓi a kulle ɓangaren da kalmar sirri, ta yadda ko daga Windows ba a iya leƙa shi. Ka nemi ma'adana mai terabait 1, don wasa guda na iya cinye fiye da gigabait 100.

Kafin ka taɓa komai, sa Linux a filas ka tayar da kwamfutar daga nan ba tare da ka ɗora ba. Gwada wayifai, gwada sauti da kyamara, rufe murfin ka buɗe ka ga ko ta farka. Sannan ka shiga asusunka na Microsoft ka kwafi makullin BitLocker, wato tsarin da Windows ke kulle ma'adana da shi, lambobi 48 ne, ka rubuta a takarda. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da ma'adana a kulle, kuma da zarar ka sauya yadda suke tashi, shuɗin allo na iya tare ka yana neman lambobin nan.

Kada kuma ka ɗauka Linux ta gama maka komai. In ka buɗe burauza ka shiga asusun Google da Facebook ka bar su a buɗe dare da rana, abin da suke sani a kanka bai ragu ba. Yi amfani da burauzar Firefox tare da uBlock Origin mai toshe tallace-tallace da masu bin sawunka a intanet, ka kuma duba izinin da ka ba manhajojin wayarka.

Turo min sunayen wasannin da samfurin kwamfutar da kake dubawa kafin ka biya kuɗi, musamman katin hotonta. Na AMD ya fi saurin jituwa da Linux, na Nvidia yana yi amma yakan nemi ɗan saiti. Ka gaishe min da su Mama.