"Gidanmu" ya ce, bai ce "gidana" ba

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce wani bawan Allah ya same ka, a matsayinka na dillali, a kan gidansu da ke wajen Ƙofar Marusa a Katsina, yana so a sayar kafin damina ta faɗi, yana kuma neman shawara ko ya fara yin fenti da sauya ƙyauren soro don kuɗin ya ɗaga. Ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna. Ni kalma ɗaya ce ta tsaya mini a zancen nasa: "gidanmu" ya ce, bai ce "gidana" ba.

Koma ka tambaye shi, shi da su wa? In gidan gado ne, an raba ko ba a raba ba? Matar mamaci tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, in akwai 'ya'ya, ɗiya mace tana da rabin abin da namiji ya samu, kuma auren da take yi a Funtuwa ko Daura bai ci mata haƙƙinta ba. Sai ka ga takardar rabon gado ta kotun shari'a da idonka, ko kuma kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu. In da marayu ƙanana a ciki, kada ka ɗaga ƙafa sai da izinin alƙali. Ka kuma san hukuncin shuf'a: in ɗaya ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana iya biyan kuɗin ya karɓe daga hannun mai saye.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Ina saurayi na sayar da wani gida a cikin birni bisa maganar babban wa shi kaɗai, don dattijo ne mai furfura, na ji nauyin tambayarsa. Mai saye har ya sauke bulo ya fara rushe ɗakin ƙasa, sai ga ƙanwarsu ta sauka daga mota da goyo a baya. Ta tsaya a bakin soro tana kallon azarar ɗakin mahaifiyarta a zube, ba ta ce uffan ba, hawaye kawai. Na mayar da la'adata, ciniki ya warware, amma har yau in na bi ta lungun nan sai na ji abin a ƙirjina.

Sai takardu. Tun dokar ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne bisa amana, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, kuma gidan da ke da satifiket, wato takardar shaidar wannan izini, ba a mayar da shi sunan wani sai da amincewar gwamna. Takardar mai unguwa tana da amfaninta, don shi ya san wa ya zauna a ina tun kaka da kakanni, amma ba ta maye gurbin bincike a ma'aikatar ƙasa. Can za a gane ko sunan da ke satifiket shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki. Rubuta yarjejeniya aikin lauya ne, awon iyaka na safiyo ne. In kotu ko banki na neman ƙimar gida a rubuce, akwai masu kimanta kadara da suka karanci abin. Dillalin da ya ce shi ne komai, shi yake kwana a ofishin 'yan sanda.

Yanzu mu zo ga gyaran da yake tambaya. Share gida, kwashe tarkace, buɗe kwata, yashe masai, gyara indararon da ya karye, duk wannan ya yi, kuɗinsa kaɗan ne kuma mai saye yana gani. Ya biya bashin kamfanin wutar lantarki na KEDCO, ya sanar da 'yan haya da wuri cikin mutunci. Amma fentin da za a shafa don a rufe tsagar bango ko tabon yoyo, ban yarda da hannunka a ciki ba. Ruwan Agusta zai tona shi, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. In ka shiga da mai saye, kai da kanka ka nuna masa gindin bangon da danshi ya ci, ka ɗaga masa kai ya ga silin. Zai rage wani abu a tayi, haka ne, amma ba zai dawo maka da sammaci ba.

Maganar la'ada a gama ta tun ranar farko: nawa ce, wa zai biya, mai saye ko mai sayarwa ko duka biyun. Kada ka ɗora ko kwabo a kan kuɗin da mai gida ya yanke ba da saninsa ba, kada kuma ka kawo abokinka ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. Ka roƙe shi kada ya raba gidan ga dillalai goma, don mai saye in ya ji farashi uku a gida ɗaya sai ya tsorata ya tafi. A fara yi wa maƙwabcin da suka haɗa katanga tayi, sau da yawa shi ne ya fi kowa buƙata. In an sallama, kafin alƙalami ya shiga asusun mai gida kai tsaye, a rubuta, shaidu su sa hannu. Kada ya kwana a aljihunka.

Gobe bayan La'asar ka biyo mini mu je tare. Ka zo da tef ɗin awo, ka kuma ce masa ya kira ƙannensa, har matan.