Yarona ya koma baya a rauda (makarantar yara ta kafin firamare), in daina yi masa Hausa?

'Yar'uwa, kin ce yaronki ɗan shekara 4 yana raudar gwamnati a Makka, ajinsu kusan duk 'ya'yan masu Larabci ne a gida, shi kuma shiru kawai, malama ta ce ba ya amsawa. Wallahi nawa ma haka ya yi wata uku, yana rungume da jakarsa a lungu, daga baya bakinsa ya buɗe har yana gyara min Larabci. Kar ki daina Hausa a gida, Larabcin zai ɗauka wajen wasa da yara, kuma rauda ba jarabawa ake yi ba, ki bar gwada shi da 'ya'yan maƙwabta. Amma in Hausar ma ba ya haɗa jimla, ko kin kira shi ba ya waiwayowa, ki kai shi asibitin unguwa a duba kunnensa, su tura ku wajen likitan magana.