Tambaya da Amsa: Ayarin Gaba Yana Tsere Mini

Tambaya: Malam, shekara 2 ke nan ina shiga tseren keke a Kaduna. Da ni ne na ƙarshe, yanzu ina gamawa a tsakiya, amma ayarin gaba yana tsere mini. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Kawo.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya faranta mini rai. Abin da ya rage maka shi ne koyon laɓewa dab da tayar bayan wanda ke gabanka, domin iska ce ke cinye yawancin ƙarfin mai keke, wanda ya lafe a bayan wani kuwa yakan rage wahala da kusan kashi 30 cikin 100. Ka riƙa fita hanyar Kachiya da sassafe tare da waɗanda suka fi ka sauri, kuma kada sanyin hunturu ya sa ka bar gorar ruwa a gida.