Barimar lu'ulu'u: a intanet zan saya ko a shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, shekara tara ina sayar da gwal da kayan lefe. Wata kwastomata ta ce in samo mata barimar lu'ulu'u ta gaske, za a saka a lefen ɗanta. Na ga mai karat ɗaya a intanet, kuɗinta bai kai rabin abin da aka gaya min a wani shago a Dubai ba. Ina ya fi in saya? Kuma ko in ƙaro biyu ko uku in ajiye a shago?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ta fi taɓa jarinki. Kada ki ƙaro ko ɗaya. Ki sayo wadda aka sa ki kawai, ita ma sai an ba ki kafin alƙalami mai tsoka.

Ke da kika saba da gwal kin san dalilin da ya sa mata ke zuba kuɗinsu a cikinsa. Ranar da buƙata ta taso, a ɗora a sikeli, a duba farashin giram na ranar, a ƙirga wa mace kuɗinta. Lu'ulu'u ba shi da wannan. Ba shi da farashi guda da kowa ya sani, kowane dutse da nasa kuɗin, kuma mai shagon da ya sayar miki da shi yau, in kin mayar masa gobe, da farashin sari zai taya ko ƙasa da haka. Na taɓa zama a shagon wani mai gwal wata baiwar Allah ta shigo da barimarta a ƙulle cikin hankici. Ya juya ta, ya ɗora a sikeli, ya ce kuɗin gwal ɗin da ke riƙe da dutsen kaɗai zai iya biya, dutsen kuwa in tana so a cire mata ta tafi da abinta. Ta daɗe tana kallon hankicin nan ba ta ce komai ba. Ba cutarta ya yi niyyar yi ba, ba shi da wanda zai sayar wa ne. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa nake roƙonki ki gaya wa kwastomarki tun yanzu cewa ado take saye, ba ajiya ba.

Sai batun ratar farashin da kika gani. Kafin ki ce intanet ta fi araha, ki tabbatar abu iri ɗaya kike kwatantawa, domin a nan ne mutane suka fi faɗawa.

Karat ɗin lu'ulu'u daban yake da na gwal. Na gwal tsabta yake nunawa, kamar 18 da 21 da 22 da kika sani. Na lu'ulu'u nauyi ne: karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram. To a barima, yawancin masu sayarwa nauyin duwatsun biyu suke haɗawa su rubuta, za ki ga haruffan ctw ko tw a gefen lambar. Barima mai "karat ɗaya" ke nan rabin karat ce a kowane kunne, faɗin dutsen kusan milimita 5. Dutse mai cikakken karat ɗaya kuwa faɗinsa kusan milimita 6.5 ne, kuma kuɗinsa ya zarce na masu rabi-rabi guda biyu nesa ba kusa ba, saboda babban dutse ya fi wuyar samu. Mai yiwuwa na Dubai karat ɗaya a kowane kunne yake nufi, na intanet kuma jimla. Ki ɗauki rula ki nuna wa kwastomarki milimita 5 da idonta, kar a buɗe akwati a gaban dangin amarya ta ce ba girman da ta zata ba ke nan.

Abu na biyu ya fi wannan girma. Yau lu'ulu'u iri biyu ne a kasuwa: wanda aka haƙo daga ƙasa, irin na Botsuwana da Rasha da Akwatiya ta Ghana, da wanda ake ƙerawa a masana'anta. Na masana'antar ba jabu ba ne, sinadarinsa da taurinsa da ƙyallinsa duk ɗaya ne da na ƙasa, ko gwani ba ya rabe su da ido sai da na'ura ta musamman. Amma kuɗinsa ya faɗi warwas. Kamfanin De Beers, wanda ya fi kowa suna a harkar, ya buɗe wani reshe mai suna Lightbox a 2018 yana sayar da irin wannan a dala 800 kowane karat, a 2025 kuma ya sanar zai rufe shi saboda yadda farashin ya ci gaba da zubewa. Ki duba da kyau: wanda ya ajiye irin wannan kaya a shago yana jiran riba, kullum gari ya waye uwar kuɗinsa ce take raguwa. Ina kyautata zaton abin da kika gani a intanet na masana'anta ne. Ba laifi ba ne a saye shi, yana da kyau a kunne ƙwarai, laifin shi ne a sayar da shi da sunan na ƙasa.

Akwai kuma masu kama da shi waɗanda ba lu'ulu'u ba ne sam, zirkoniya da moisanait. Ki yi hattara da ƙaramar na'urar nan mai kamar biro da ake dangwala wa dutse ta yi ƙara. Yadda zafi ke ratsa dutse take aunawa, kuma moisanait na iya tsallake ta.

Saboda haka abin dogaronki takardar shaidar dutsen ce, daga cibiyar da ke gwada lu'ulu'u. Cibiyar GIA ta Amurka, wadda aka kafa a 1931, ita ta tsara ma'aunin da duniya ke bi: nauyi, yanka, launi da tsabtar ciki. Akwai kuma IGI da aka kafa a Antwaf ta Beljiyam a 1975, takardunta sun fi yawa a kan na masana'anta. Takardar tana da lamba, ki shigar da ita a shafin cibiyar ki ga ko bayanin ya dace. Sau da yawa an zana lambar a gefen dutsen, ana ganinta da tabaron da ke ƙara girma sau goma. Dole lambar takarda da ta dutse su zama ɗaya. Takardar da shago ya buga da kansa ya sa hatiminsa ba ita nake nufi ba.

Kada ki ɓata kuɗi a kan darajar da ba a gani. Launi yana farawa daga D, mafi fari, har zuwa Z. Barima a kunne take, rabi a ƙarƙashin ɗankwali, ba wanda zai sa mata tabaro. Launin G zuwa I da tsabtar VS2 ko SI1, wato mai ɗan tabo ƙanƙani a ciki, sun wadatar. Yanka ne ba a yi masa rowa, don shi ke sa dutse walƙiya. Duwatsun biyu kuma su yi daidai da juna a girma da launi.

To ina za ki saya? Manyan masu sayarwa a intanet irin su Blue Nile, wanda ya fara tun 1999, da gaske sukan fi shago sauƙi, don yawancin cinikinsu ba a shago suke yin sa ba, kuma sukan ba da kwana 30 na mayar da kaya. Amma wannan dama an tsara ta ne da mai zama a Amurka ko Ingila a rai. Ke da ke Kano sai kin fara tambaya ko suna aikowa Najeriya, sai kuɗin aike da inshora, sai kuɗin kwastam, sai iyakar dalar da bankinki ya yarda ki kashe da kati. In kayan bai yi ba, mayarwar ma wani kuɗin ne da wata fargabar, kwanakin kuma suna tafiya. Ki haɗa duk wannan a kan farashin kafin ki kira shi araha. Masu talla a Instagram da WhatsApp waɗanda ba su da adireshi, ba takarda, sai bidiyo mai ƙyalli da "turo kuɗi a aiko", wannan cinikin biri a sama ne, ki bar shi.

Ra'ayina, tunda wannan ne karonki na farko, ki saya a shago, amma ki sa intanet ta zame miki ma'auni. Ki nemo farashin dutse mai nauyi da launi da tsabta iri ɗaya a shafuka biyu ko uku, ki riƙe a wayarki, da shi za ki yi ciniki a kasuwar gwal ta Deira da ke Dubai ko duk inda kika je. A shagon kada fitilu su ruɗe ki, an jera su ne don ko kwalba ta yi walƙiya. Ki roƙi a ɗora barimar a kan farar takarda, ki matsa bakin ƙofa inda hasken rana yake. Ki juya bayanta ki nemi hatimin gwal ɗin: 750 shi ne karat 18, 585 shi ne 14. Ki taɓa ƙafafun da suka riƙe dutsen ko akwai mai motsi. Ki zaɓi mai maɗaurin baya na murɗawa, don mai turawa yakan saki wajen cire ɗankwali ko hijabi.

In kina da ɗan'uwa amintacce a Amurka ko Ingila da zai karɓa, ya kai wa masani ya duba, ya mayar in da matsala, to nan intanet ta zama hanya mai kyau, musamman ga na masana'anta.

Kafin ki biya ko sisi, ki zauna da kwastomarki ki nuna mata farashi biyu, na ƙasa da na masana'anta, ta zaɓa da bakinta. A rasit ɗin da za ki karɓo, da wanda za ki ba ta, a rubuta wane iri ne, nauyin kowane dutse shi kaɗai, karat ɗin gwal, lambar takarda, da sharaɗin mayarwa. Ribarki kuma ki yanke ta a naira ranar da kika sayi dalar, ba ranar da kaya suka iso ba.