Ina shagunan ƙananan jiragen roba suka shige?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila da iyalina. Ɗana mai shekara goma ya ga wani ɗan jirgin yaƙi na roba a gidan maƙwabcinmu, irin wanda ake sayowa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya harhaɗa da gam ya yi masa fenti. Tun ranar ya hana ni sakat. Na karaɗe garinmu ban ga shagon da ake sayarwa ba, maƙwabcin kuma ya ce a da ba a rasa su a kowane gari. Me ya cinye su, kuma a ina zan saya masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka gaskiya ya faɗa maka. Akasari intanet ake ɗora wa laifin, tana da nata kason kuwa, amma a ganina mai sayen kayan ne ya fara canjawa, shagon ya biyo baya.

A 1952 kamfanin Airfix ya fito da ɗan jirgin ruwa mai suna Golden Hind, a cikin leda, ana sayar da shi sule biyu a kantunan Woolworths. Daga baya jirgin saman yaƙi na Spitfire ya biyo a ma'aunin 1/72, wato an rage girman na gaske sau 72, faɗin fukafukinsa bai fi santimita 15 da 'yan kai ba. Yaro ne mai saye a lokacin. Ya karɓi kuɗin kashewarsa ran Asabar, ya ruga shago, kafin magariba ya gama haɗawa, gam ya ɓata gilashin matuƙi, bai damu ba. Kamar dai yadda yaranmu ke ƙera motar kara ko ta gwangwani, sai dai su nasu an riga an yanka musu. Da wasannin kwamfuta da sauran kayan wasa suka janye yara, kasuwar ta yi sanyi. Airfix ya karye a 1981, ya yi ta sauya hannu har kamfanin Hornby ya saye shi a 2006.

Yaran nan kuma ba su ɓace ba. Girma suka yi, suka dawo da furfura da albashi, kuma a nan matsalar mai shago ta soma. Dattijo ba ya shigowa ya ce a ba shi jirgi kawai. Tankar yaƙi yake so ta kamfanin Tamiya a ma'aunin 1/35, samfurin shekara kaza, da 'yan siraran ƙarafan tagulla na kamfanin Eduard na ƙasar Cek don ya ƙawata cikinta. Ga Trumpeter da Meng daga Sin, ga ICM da MiniArt daga Yukiren, ga Academy daga Koriya ta Kudu, kowanne da ɗaruruwan samfura. Wane ƙaramin shago ne zai ɗauke su duka? Kwalin da ya shekara a kanta kuɗi ne kwance, ga haya ba ta jira. Babban ɗakin ajiya da ke bayan gari, mai aikawa ta gidan waya, shi wannan bai dame shi ba.

Salon sayen ma ya sauya. Yanzu mutum zai kalli bidiyo a YouTube an buɗe kwalin, an nuna masa kowace gunduwa, ya gwada farashi a wurare da dama, ya biya tun kafin kayan su fito daga masana'anta. Da yawansu suna saye fiye da abin da za su iya haɗawa, kwalaye jibge a saman sif ba a ko yage ledarsu ba. In mai su ya gaji ko ya rasu, sai su ɓullo a eBay, tsohon kaya ya zo yana kashe wa sabo kasuwa. Wasu ma sun sayi injin da ke buga abu da ruwan roba, suna fitar da 'yan sassan da suke so a ɗakinsu.

Haka aka yi ta rufewa. Shagunan Beatties sun tafi a 2001, Woolworths a farkon 2009, Modelzone a 2013. A Amurka kamfanin Hobbico, wanda a lokacin ya mallaki Revell mai ƙera irin waɗannan jiragen roba, ya karye a 2018. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Hattons na yankin Libaful, masu ƙananan jiragen ƙasa tun 1946, da suka rufe a 2024. Su fa gwanayen sayarwa ta intanet ne, kuma cikin dalilan da suka bayar har da raguwar masu saye. Ka ga ashe intanet kaɗai ba ta isa bayani ba.

Sana'ar dai ba ta mutu ba. Lokacin kullen korona a 2020 ciniki ya tashi sosai. Matasa kuma sun koma ga mutum-mutumin Gundam na kamfanin Bandai na Japan, wanda ya fara fitowa a 1980 a kan yen 300. Na yanzu ba sa buƙatar gam, kuma da launinsu suke zuwa. Shagunan da suka rage, fenti da gam da burushi ne ke riƙe da su, don wanda koren fentinsa ya ƙare ana tsakar aiki ba zai jira ɗan aike ba, fentin feshi kuma yana da wuyar aikawa saboda yana kama wuta.

Game da yaronka, Allah ya raya shi, kada ka fara masa da babban kwali. Nemi abin da Airfix ke kira Starter Set a ma'aunin 1/72, da fenti da gam da burushi duk a ciki. Kantunan Hobbycraft sukan ajiye. In akwai ƙaramin shago ko a garin da ke kusa ne, ku je tare, mai shagon zai gaya muku wanda sassansa ke zama daidai ba tare da wahala ba. Yankan sassa da wuƙa ka riƙe a hannunka, ku buɗe taga saboda warin gam. In abin ya kama shi, ka kai shi garin Telford a watan Nuwamba, can ake babban baje kolin masu wannan sana'a a Ingila duk shekara.