Amsa: Soyayya ce ko ciniki?

'Yar uwa, kin ce saurayinki bai yi miki kyauta ranar 14 ga Fabrairu ba, ƙawaye sun ce ki rabu da shi, to wai mene ne so ɗin ma a wannan zamani.

Gaskiya yawancin abin da muke auna so da shi 'yan kasuwa ne suka koya mana. Zoben daimon na baiko ma da ake ta rububi, kamfanin De Beers ne ya tallata shi a Amurka, musamman da takensu na 1947, har mutane suka ɗauka wanda bai saya ba ba ya so. Ai ko yanzu haka ne, kina buɗe waya sai hotunan kyauta da kwalliya, ba wanda zai ɗora hoton daren da ya kwana asibiti yana jinya.

Su kuma masu zuga ki, ki sani rigima tana kawo wa manhajojin sada zumunta irin su Facebook kuɗi, don ita ke riƙe mutum a waya. Takardun Facebook da suka fita a 2021 sun nuna kamfanin ya taɓa ba emoji, har da na fushi, nauyi ninki 5 na like wajen zaɓar abin da zai nuna wa mutane.

Ni dai ki duba, in ranki ya ɓaci yana lura tun kafin ki faɗa? Yana kare ki a bayan idonki? In kuma yana da hali amma ko ciwo kike ba ya leƙowa, wannan rowa ce, ki zaunar da shi ku yi magana ku biyu, ban da ƙawayen.